Faci 7 a hanyar Pitowa: ku fara duba abin da ya huda kafin ku ɗauko sholisho

Wani ƙanenmu daga unguwar Yelwa a Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da tambaya. Ya ce su 14 suka haɗu ranar Lahadi da sassafe a bakin filin wasa na Rumde Ajiya, suka kama hanyar Pitowa a kan kekuna don motsa jini, da niyyar su leƙa kasuwa su juyo kafin rana ta take. Tafiyar da zuwanta bai kai kilomita 20 ba, sai da suka yi faci 7, uku daga ciki a tayar baya ta mutum ɗaya. Ba su shigo gari ba sai bayan azahar, wasu na tura keke, wasu sun gaji da jira sun yi gaba. Yana tambaya ko laifin tayoyinsu ne, ko na hanya, ko kuwa su sayi irin tayar nan marar tif su huta.

Ƙanena, sannunku da ƙoƙari, kada abin ya sare muku gwiwa. Na fi shekara 20 ina kwance tayar keke ina ɗaurawa, kuma hanyar nan na bi ta da ayari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Bari in fara da abokinku mai faci uku. Wannan faci ɗaya ne da ba a gano sanadinsa ba. Kun liƙe huda kun bar abin da ya huda a maƙale cikin taya, kuna hura iska ya sake shiga tif. Yawancin masu keke da sun ga inda iska ke fita sai hannu ya tafi kan sholisho. A wurina liƙi shi ne aikin ƙarshe. Na farko shi ne a dubi hudar da kyau, domin kowane abu da irin tabon da yake bari.

In ka ɓalle leɓen taya gefe ɗaya, ka zaro tif, wanda mu nan muka fi kira shambur, kada ka juya shi, kada kuma ka murɗa taya a kan rim. Riƙe shi yadda ya fito, ka hura masa iska har ya kumbura ya fi girmansa. A daji ba a zubar da ruwan sha don neman huda. Kawo tif ɗin kusa da leɓenka ko gefen idonka kana juya shi sannu a hankali, nan ne fatar mutum ta fi jin iska. In ka ji sanyi-sanyi sai ka shafa yawu a wurin, zai yi kumfa. Da ka samu, ka auna nisan wurin daga bawul, ka ɗora tif a kan tayar, bawul daidai ramin bawul. Inda hudar ta faɗa, nan za ka bincika.

Huda ƙarama guda ɗaya kamar tsinin allura a bayan tif, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa, ƙaya ce ko waya. In a cikinsa take, ɓangaren da ke kwance a kan rim, to ba daga hanya ba ne: ko kan sifok ya ɓullo, ko robar da aka shimfiɗa a cikin rim ta zame ko ta tsage. Tsaga biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, taya ta daki bakin rami, rim ya matse tif. In kuwa gindin bawul ne ya yage, shi ma ƙarancin iska ne, taya tana zamewa a kan rim duk lokacin da aka taka birki tana jan tif har wuyan ya tsinke, kuma wannan ba ya liƙuwa. Tsaga doguwa da ta zo da ƙara kamar bindiga, ko dai an danne tif a ƙarƙashin leɓen taya wajen ɗaurawa, ko gefen tayar ya yage.

Zato na game da abokinku ya fi karkata ga waya. Hanyar Pitowa wani yanki ne na babbar hanyar da ta tashi daga Ngaundere ta ratsa Garwa zuwa Marwa da Kusiri, manyan motocin kayan Cadi a kanta suke dare da rana. Tayar tirela akwai saƙar wayar ƙarfe a cikinta. In ta fashe ta yi fata-fata, wayoyin kan kakkarye su watsu a gefen kwalta, daidai inda mai keke ke bi. Guntun bai fi gashin gemu kauri ba, ido ba ya ganinsa, yatsa ma kan wuce shi, domin yana ɓuya cikin roba sai taya ta ɗauki nauyi ya leƙo. Maganinsa a ƙasarmu yake. Ɗauki ɗan curin auduga, irin wadda ke zuba daga motocin auduga a bakin hanya lokacin kaka, ka goga ta a cikin tayar zagaye guda. Inda zare ya maƙale, nan ɓarawon yake. Sai ka lanƙwasa tayar a wurin yadda robar za ta buɗe baki, ka cire shi da ɗan hantsaki ko abin yanke farce. Na taɓa zama gindin wata darbejiya da tayar wani yaro kusan rabin awa, na shafa da yatsa zagaye uku ban ji komai ba. Auduga ce ta kama shi a zagayen farko, ɗan tsinin ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, ga shi ya cinye masa tif biyu tun safe. Kada a zura yatsa da gaggawa, gilashi da waya suna yanka.

Sauran faci huɗun kuwa, in ka ce mini kun sauka daga kwalta kun huta a inuwa, to na san inda kuka kwaso su. Babban abokin gabar mai keke a ƙasar nan tsidau ne. Yana fitowa da damina ya shimfiɗu a ƙasa da 'yan furanni rawaya, kaka na yi ya bushe, ɗansa ya rabe gida biyar, kowane ɓari da tsininsa masu ƙarfi. Duk yadda ya faɗi, da wuya tsini bai kalli sama ba. A Amurka ma sunan da suka ba shi yana nufin mai huda taya. Ya fi yawa a gefen hanya, da filin da dabbobi ke tattakewa, da bakin gona. Ƙarangiya tana damun ƙafa da wando, amma ba kasafai take ratsa taya mai lafiya ba. Masu ratsawa su ne aduwa, da bagaruwa, da farar ƙaya, da magarya, da gawo. Makiyaya kan sare rassansu su ba awaki, manoma su yi shinge da su, ragowar ta rage a ƙasa ƙura ta rufe. Haka kuma rassan da direbobi ke jerawa a kan titi alamar mota ta lalace, sau da yawa masu ƙaya ne, kuma in motar ta tashi ba kowa ke kwashewa ba. In na gaba ya hango su, ya ɗaga hannu ya faɗa wa na baya.

Saboda haka dokar da nake kafa wa ayarina ita ce, keke ba ya sauka daga hanya a kan tayarsa. In za a huta, a saɓa shi a kafaɗa. A zaɓi inuwar darbejiya ko tsamiya ko mangwaro, a bar ta gawo da aduwa komai sanyinta. Kafin a tashi kowa ya ɗaga ƙafar kekensa ya juya, ya share abin da ya manne. Tsidau da ya manne yanzu bai riga ya ratsa ba, sai ya yi zagaye da yawa yana nitsewa. Amma in kana tafe ka ga ƙaya ta riga ta shige, tayar kuma ba ta sace ba, kada ka zare ta a tsakiyar rana. Ita ce ta toshe ramin da ta yi. Ka lallaɓa har inuwa ko ƙauye na gaba, can ka cire ka gyara.

Batun iska shi ne abin da aka fi rainawa. Latsa taya da babban yatsa ba awo ba ne. Kowace taya an rubuta iyakar iskarta a gefenta, da awon matsin iska da ake kira bar ko psi. Keken daji mai faɗin taya yana son bar 2 zuwa 3, mai matsakaiciyar taya wajen bar 4, na tsere mai siririyar taya daga bar 5 da rabi zuwa 7, gwargwadon nauyin mai hawa. Bar ɗaya ya yi psi 14 da rabi, in famfonku da wannan awon yake ƙirga. Tayar baya ta ɗan fi ta gaba, ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, shi ya sa ma ta fi yawan faci. Ayarinku ya haɗa kuɗi ya sayi famfo ɗaya mai agogo, zai rage muku rabin wahala. Sai dai kada a cika har iyaka da asuba. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Iskar da ke cikin taya in ta ƙaru da digiri 30, matsinta kan hau da kusan kashi 10 cikin 100. Taya sabuwa ba ta damu ba, amma tsohuwa mai tsattsagen gefe, ko tsohon faci da aka yi da gaggawa, nan suke sakewa. Kuma in kun je wajen mai facin babur, ku tsaya a kansa in zai sa muku iskar inji. Cikin tayar keke ƙarami ne, kafin ka ƙifta ido ta cika ta wuce.

Akwai kuma sacewar da ba faci ba ce. Kekunan kasuwa irin na Sin da Indiya yawanci bawul ɗinsu na Dunlop ne, mai 'yar roba siririya sanye a kan ƙarfen ciki. Zafi na cinye robar nan ta tsage, iska ta riƙa zurarewa. Mutum ya kwance taya, ya nemi huda har ya gaji, alhali matsalar tana waje. Kafin ka taɓa liba, wato abin ɓalle taya daga rim, ɗiga yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, canza robar, aikin minti ɗaya ne. Bawul iri uku ne a kekunan da ke yawo a garin nan: wannan na Dunlop, da mai kauri irin na mota da babur, da siriri na Faransa mai ɗan kunne a kai da ake warwarewa kafin a hura. Mai kaurin ba ya shiga ramin rim da aka yi don siririn, kuma ba kowane famfo ke kama duka ukun ba. Na sha ganin ayari da famfo biyu, babu wanda ya dace da keken da ya sace.

Girman tif ma haka. Kekunan gwanjo da ke shigo mana daga Turai sun cakuɗa lambobi. Kada ka dogara da inci, ka dubi lamba mai alƙaluma uku da ke gefen taya. Keken daji mai inci 26 lambarsa 559, mai 27 da rabi 584, na tsere da mai inci 29 duk 622, babban keken kasuwa mai inci 28 kuma 635. Tif yana da haƙuri, na 622 zai iya fitar da mai 635 daga daji in faɗinsu ya yi kusa, amma taya ba ta yafe ko kaɗan. Kowa ya rubuta lambarsa da irin bawul ɗinsa, ya sayi tif ɗaya sabo nasa na kansa, ya naɗe shi cikin tsohuwar safa don kada sufana ta goge shi a jaka.

A hanya ba a liƙi, canzawa ake yi. Hannun da ya saba yana canza tif cikin minti 10, liƙi mai kyau kuwa yana cin ninkin haka, ga ƙura ga iskar hunturu ga mutum 13 tsaye a kanka. Asalin tayar da muke hawa ma don haka aka ƙirƙiro ta. Wani Bature mai suna John Dunlop ya fito da taya mai iska a 1888, amma manne ta ake yi da ƙafar keke, gyaran huda ɗaya sai ya ci sa'o'i. A 1891 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka yi wadda ake cirewa a mayar, kuma a shekarar Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa, kusan kilomita 1,200, a kanta. To ku ci moriyar abin. Tif ɗin da ya huje a ɗaure masa alama a sa a jaka, a liƙe shi a wurin hutu ko a gida.

In liƙin ya zama dole, a yi shi da natsuwa. Goge wurin da samfefa har ƙyallin robar ya dushe, faɗin ya fi facin da za a ɗora. Shafa sholisho kaɗan, shafe ɗaya siriri. Daga nan sai haƙuri, wanda shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa: a bar shi minti 3 zuwa 5 har ya bushe ya daina sheƙi. Sholisho ba ƙaro ba ne da ke kamawa da danshi, sai ruwansa ya tashi yake haɗa roba da roba. Kada a hura masa baki, kada a taɓa da yatsa, a juya wa iska baya don ƙura. Sai a ɓare facin ba tare da an taɓa fuskarsa ba, a ɗora, a danne da gindin liba daga tsakiya zuwa baki. A barbaɗa 'yar ƙura mai laushi a kai don kada ragowar sholisho ta manne da cikin taya. Facin kanti mai jan baki ya fi guntun tsohon tif da ake yankawa da almakashi, domin an yi masa shimfiɗar roba ta musamman da ke narkewa ta haɗe. Guntun tif yana riƙe keken kasuwa mai ƙaramar iska, amma a siririyar taya mai bar 6 ba ya daɗewa. Kuma kwalbar sholisho da aka taɓa buɗewa, zafin garin nan kan busar da ita ko an rufe. Ku matsa ta tun a gida ku gani.

Wajen mayarwa, ɗan hura wa tif iska kaɗan ya yi siffa, ka fara sa bawul a miƙe, ka tura sauran ciki. Mayar da leɓen taya da tafin hannu, ka faro daga gefen da ya fi nesa da bawul ka ƙare a wajen bawul. In ƙarshen ya yi tauri, bi zagayen kana matse leɓunan zuwa kwarin tsakiyar rim, za ka ga ya saki. Liba ta fitarwa ce. Wanda ya mayar da taya da sukudireba ko bakin cokali, shi ya yi wa kansa faci na gaba. Kafin ka cika iska, leƙa zagaye biyu ka tabbata tif bai leƙo ƙarƙashin leɓe ba. Wata dabara kuma, ka daidaita rubutun sunan taya da bawul duk lokacin da ka ɗaura, gobe neman ƙaya zai zo maka da sauƙi. In tayar ce da kanta ta yage har tif na leƙowa, shimfiɗa guntun tsohuwar taya ko takardar kuɗi ta sefa a ninke daga ciki, ka rage iska, za ta kai ka gida.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne waɗanda suka yi gaba suka bar 'yan'uwansu. Ban ga laifinsu sosai ba, tsayuwar mutum 14 a rana kan taya ɗaya tana ƙona rai. Tsari ne babu. Ku naɗa mutum ɗaya a gaba wanda ba a wuce shi, da ɗaya a ƙarshe wanda ba ya wuce kowa, kuma na ƙarshen ya zama wanda ya fi iya gyara, famfo da kayan aiki a wurinsa. In taya ta sace, mutum biyu su tsaya da mai ita, sauran su ƙarasa inuwar gaba su jira, ba sai an yi cincirindo a bakin titi ba. Masu gyaran su fita daga kwalta gaba ɗaya, nesa da kwana da gangare, ɗaya yana aiki ɗaya idonsa na kan motoci. Tirela ba ta kauce wa mai tsugune. Kowa ya riƙe lambar wayar na gaba da na baya, da katinsa na ɗan ƙasa, da ɗan kuɗin babur ko da abin zai gagara. Kuma a sa lokacin juyowa tun kafin a tashi. A bazara, ƙarfe 9 in ta yi, ko an kai ko ba a kai ba, a juyo, ruwan kowa kuma kada ya gaza lita 2.

Game da taya marar tif, tana aiki, ba na musu. Ruwan da ake zubawa a ciki yana toshe hudar tsidau kana tafe ba ka ma sani ba. Amma tana son rim da taya da aka yi don ita, ruwan kuma a zafinmu wata 2 zuwa 3 ya bushe sai an ƙara, ga shi ba a kowane kanti ake samunsa ba. Mai hali ya yi, amma ya riƙe tif a jaka duk da haka. Ga sauran jama'a, kuɗin ya fi amfani a sabuwar tayar baya mai kauri. Taya in ta suɗe har tsakiyarta ta baje, ko zare ya fara bayyana, ko gefenta ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasar fadama da rani, kowace ƙaya ƙofa a buɗe take samu.

Kafin Lahadi mai zuwa, ku haɗu ranar Asabar bayan la'asar da kekunan duka. A duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, a tsince duk abin da ya nitse a roba da tsinin allura, a cika iska da awo a bar su su kwana. Wadda ta wayi gari ta yi laushi, an kama ta a gida ke nan. Abokin naku mai faci uku kuwa ya cire tayar bayan nan gaba ɗaya daga rim, ya juya cikinta waje, ya bi ta da auduga a cikin haske, ya kuma duba robar rim ramin sifok bayan ramin sifok. In ya jera tif ɗin da ya huje ya ga hudojin uku nisansu ɗaya daga bawul, to abin yana nan a tayar har yanzu.